Sauya duwatsun tankin murjani da ya daɗe da kafuwa

Wani ɗan'uwa da ke aiki a wani gida a Abhur, arewacin Jidda, ya aiko da tambaya. Shi ke kula da tankin kifin ruwan gishiri na maigidansa, mai cin lita 600, wanda ya shekara 5 da kafawa, da duwatsu masu rai kimanin kilo 60 a ciki. Gansakuka mai gashi ta rufe duwatsun, ga kuma Aiptasia, wata ƙaramar halittar teku da ke mannewa a jikin dutse, ta bazu ko'ina tana harbin murjani. A cikin tankin akwai kifin da ake kira Sohal guda, da kifin Nemo mata da miji, da ɗan ƙaramin kifin nan mai launin shanshanbale da ke shige-shige cikin ramuka, da murjani masu laushi har da Palythoa. Maigida ya ce a kwashe duwatsun duka ranar Juma'a a zuba sababbi farare, kafin daren Asabar komai ya daidaita, saboda akwai biki a gidan. Tambayarsa ita ce ko hakan zai yiwu ba tare da an yi asarar kifin ba.

Wa'alaikumussalam ƙanena, Allah ya yi albarka da ka tsaya ka tambaya kafin ka sa hannu. A kwana biyu ba zai yiwu ba, in dai ana son kifin da murjanin su rayu. A wata 4 zuwa 5 zai yiwu, kuma ba tare da ka rasa ko ɗaya ba in Allah ya yarda. Zan faɗa maka dalili dalla-dalla domin ka samu abin da za ka fuskanci maigida da shi cikin ladabi, don na san ba ƙaramin abu ba ne yaro ya ce wa mai gida a dakata.

Dutsen da ke cikin tankin nan ba don ado kawai yake ba. Asalinsa ƙasusuwan murjani ne da suka mutu suka dunƙule, cike yake da ƙofofi da ƙananan hanyoyi, shi ya sa in ka ɗaga shi za ka ji bai kai nauyin dutsen gini mai girmansa ba. Irinsa ne aka gina tsofaffin gidajen Balad, tsohon garin Jidda, da shi, wanda ake kira mangabi, haka ma gine-ginen Sawakin a ƙetaren teku. A jikin waɗannan ƙofofin ne ƙwayoyin bakteriya suke manne, su ne kuma ke riƙe da rayuwar tankin. Kifi yana fitar da amoniya dare da rana, ta numfashinsa da kashinsa, ragowar abinci ma in ya ruɓe amoniya yake zama. Wani rukunin bakteriya ya mayar da ita naitirayit, wani ya mayar da wannan naitiret, wanda dafinsa kaɗan ne. Can cikin dutsen inda iska ba ta isa sosai, akwai waɗanda ke mayar da wani ɓangare na naitiret ɗin iskar naitirojin ta fice. Ruwan teku kuwa pH ɗinsa, wato ma'aunin tsamin ruwa, yana wajen 8.1 zuwa 8.3, kuma a wannan matakin amoniya ta fi yin illa fiye da yadda take yi a ruwan daɗi. Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne, bakteriyar nan ba a cikin ruwa take yawo ba, a jikin dutse da yashi da gilashi take. Saboda haka in wani ya ce maka ka ajiye tsohon ruwan a duro ka mayar bayan an zuba sabon dutse, ruwan zai taimaka wajen gishiri da zafi, amma ba zai dawo maka da abin da ka kwashe ba. Ka cire kilo 60 rana ɗaya, ka bar kifi suna ci suna fitarwa, babu mai kwashewa. Kwana biyu zuwa uku za ka ga ruwa ya yi fari kamar an ɗiga madara, Sohal yana haki a saman ruwa, murjani sun rufe. Wato daidai lokacin da baƙi za su cika falo.

Wannan hanyar ta dogaro da dutse mai rai ba jiya aka fara ta ba. Tun farkon shekarun 1960 wani mutumin Jakarta, Lee Chin Eng, ya nuna cewa ana iya riƙe tanki da dutsen teku da motsin iska kawai, daga baya masu kiwon murjani a Balin ta Jamus suka haɗa shi da injin kumfa mai fitar da datti daga ruwa, da haske mai ƙarfi. Tankin maigidanka a kan wannan tsarin yake tafiya ko da wanda ya kafa shi bai faɗa ba.

Don bikin, ga abin da za ka iya yi cikin kwana biyu ba tare da haɗari ba. Ka sauya kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na ruwan, kana zuƙe gansakukar da tiyo yayin da kake tsinke ta da hannu. Ka kankare gilashi, ka wanke kofin injin kumfa, ka sa sabon gawayin tace ruwa. Gawayin nan shi kaɗai yana cire ruwan ɗorawar da ke sa tsohon tanki ya yi duhu, kwana ɗaya za ka ga bambanci. Dutse ɗaya ko biyu da suka fi muni a gaba ka mayar da su baya ko ka saukar da su tankin ƙasa, wato ƙaramin tankin tace ruwa da ke ƙarƙashin babban. In aka ƙara shuɗin haske da yamma, baƙo ba zai ga komai ba sai kyau.

Yanzu ga tambayar da na fi so ka tsaya a kanta: shin duwatsun nan sun cancanci a fitar da su ma? Dutse ba ya tsufa don ya shekara 5. Akwai tankuna masu shekara 20 da dutsensu na farko. Abu ɗaya ne nake cewa a fitar da dutse saboda shi ba tare da gardama ba, shi ne in an taɓa zuba maganin jan ƙarfe a tankin don ciwon fararen ɗigo. Dutsen yana shanye jan ƙarfen ya riƙa sakinsa a hankali, dodon koɗi da jatan lande su yi ta mutuwa ba a san dalili ba. Tunda Palythoa ɗinku suna raye suna yaɗuwa, ina kyautata zaton ba wannan ba ne, amma ka tambayi wanda ya riƙe tankin kafin kai.

Gansakuka kuwa labarin fosfet ne, sinadarin da ke shiga ruwa ta abincin kifi, gansakuka kuma ta ci shi. Shekaru ana zuba abinci, fosfet yana mannewa a jikin dutsen. Ranar da ka rage shi a ruwa, dutsen ya saki nasa ya cike gurbin, gansakukar da ke zaune a kansa ta shanye tun kafin ya kai ga kwalbar gwajinka. Shi ya sa za ka auna ka ga kusan sifili alhali dutse ya yi gashi. Hanyar gane gaskiya mai sauƙi ce. Ɗauki ƙaramin dutse ɗaya wanda babu murjani a kansa, ka sa shi a bokitin sabon ruwan gishiri mai tsabta da ɗan injin motsa ruwa, ka rufe shi a duhu kwana 3, ka auna. In ya haura 0.2 ppm, wato kashi cikin miliyan, dutsen ya ƙoshi da fosfet. Ko a nan ɗin ma ana iya zuƙe shi da garin GFO, mai shanye fosfet daga ruwa, cikin watanni, amma in maigida ya gaji da jira kuma yana son a canza tsarin ginin gaba ɗaya, to sauyawa tana da hujja. Sai dai ka duba ruwan da kake haɗa gishiri da shi. Ruwan Jidda na tace teku ne, amma kafin ya iso hannunka ya bi bututu, ko ya zo a wayit, wato motar dakon ruwa, ya kwana a ma'ajiyar ruwan gida ta ƙasa ya hau ta sama. Dole ya bi ta injin tace ruwa na RO da DI, mitar TDS mai auna abin da ya narke a ruwa ta nuna 0 ko 1. In ba a gyara wannan ba, sabon dutsen ma shekara ɗaya ya ishe shi ya koma kamar na da.

Aiptasia ce mai wuyar sha'ani, kuma gara ka ji gaskiya tun yanzu. Sauya dutse kashi-kashi ba ya kawar da ita. Tana tafiya ta bar ɗan ɓallin ƙafarta a baya, ɓallin ya zama sabuwa. Tana cikin bututu, tana bayan akwatin zubar ruwa, tana tankin ƙasa. Ka sa sabon dutse yau, bayan wata guda ka ga 'ya'yanta a kansa. Saboda haka yaƙi da ita sai ya fara kafin sauyin ya kuma ci gaba tare da shi. Manya ka rufe musu baki da kunun kalkwasa, wato damammen garin kalsiyam da ake sa wa tankin murjani, ko maganin da ake sayarwa don haka, da sirinji, bayan ka kashe injinan motsa ruwa, 'yan kaɗan a rana don kada pH ya tashi. Ƙanana kuma ka bar wa masu cinsu. Jatan landen da ake kira Lysmata wurdemanni yana ci, sai dai akwai masu kama da shi da ba sa ci. Berghia, wata 'yar farar halitta mai kama da dodon koɗi marar kwanso, ba ta cin komai sai Aiptasia, tana da jinkiri amma tana gamawa, sai dai wancan jatan landen yana cinye ta, don haka ɗaya za ka zaɓa. Kifin nan mai dogon baki da ratsin ja da ake ba mutane shawara a kansa, ni ba zan sa shi gida ɗaya da Sohal mai shekara 5 ba. Sohal ɗan Bahar Maliya ne mai faɗa, ba zai bar shi ya ci abinci ba.

To a ce an yanke shawarar sauyawa. Wane dutse za a saya? Na teku na gaske ya yi wuya yanzu. Fiji, wadda da ita ce babbar mai fitarwa, ta sanar da hana fitar da shi a ƙarshen 2017, Indunusiya ma ta dakatar da fitar da murjani a 2018 kafin ta sake buɗewa a 2020, kuma cinikin murjani masu ƙashi tsakanin ƙasashe yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin halittun da ake tsoron ƙarewarsu. Abin da za ka fi samu a shagunan Jidda shi ne busasshen dutse, ko na haƙa daga tsohon gindin teku da ya zama tudu, ko na ƙira wanda aka shafa wa launin shanshanbale. Dukansu suna aiki. Ka zaɓi mai ƙofofi, marar nauyi, mai rassa da baka, ba dunƙulalle ba. Ba kuma lallai ka mayar da kilo 60 cif ba. Kilo 40 zuwa 45 na dutse mai ƙofofi, da bulon tangaran na tace ruwa a tankin ƙasa, sun ishi lita 600, kifin ma su samu filin iyo.

Na san teku tana bayan gidanku, na kuma san za a samu mai cewa ga dutse kyauta a bakin ruwa. Kada ka kusance shi. Dokar muhalli ta Saudiyya ta hana ciro murjani da dutsensa, akwai tara, masu gadin gaɓa suna sintiri, kai kuma a kan iƙama, wato takardar izinin zama, kake zaune, in abu ya ɓaci sunanka za a rubuta. Ko babu doka ma, dutsen bakin Abhur yana zuwa da ƙaguwa mai cin kifi da tsutsotsi da man jiragen ruwa, kuma kowane guntu da aka ɓalle gida ne na halittun da suka yi shekaru suna gina shi.

Aikin gaske a duro yake farawa, nesa da tankin. Samu duron roba mai tsabta wanda bai taɓa ɗaukar sinadari ba. Wanke sabon dutsen da ruwan RO ka fitar da ƙura. Kafin ka jiƙa shi, shimfiɗa kwali a ƙasa mai faɗin gindin tankin, ka gina tsarin da kake so a kai, ka manne da gam da simintin murjani, amma ka yi shi gida huɗu da kowane zai tsaya da ƙafarsa, domin ɗaya-ɗaya za su shiga. Ka bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da gilashi. Sannan ka nutsar da su a ruwan gishiri mai 35 ppt, wato gishiri kashi 35 cikin dubu, 1.026 ke nan a ma'aunin gishiri, da injin motsa ruwa mai ƙarfi, ka rufe ba haske. In ruwan teku na sayarwa kake amfani da shi, ka auna, don na Bahar Maliya yakan kai 40, sai an sirka shi da RO. Littattafan Turawa za su ce ka sa abin ɗumama ruwa, mu a nan zafi ne damuwarmu. Duron da aka bari a soro ko a gareji da rani zai wuce digiri 35, ruwa ya ƙafe, gishiri ya hau. Ka ajiye shi ɗaki mai sanyi inda zai tsaya tsakanin 25 da 28, ka yi alama a bakin ruwan, kana cikawa da RO zalla.

Busasshen dutse ba shi da rai, sai ka sa masa. Kamar yadda mai nono take barin ɗan tsohon kindirmo a ƙwarya don sabuwar madara ta kama, haka ake yi. Da tankinku ba shi da Aiptasia da na ce ka ɗauko dutse ɗaya daga ciki ka jefa. Tunda akwai, yi amfani da bakteriyar kwalba, ka tabbata ba wadda ta sha rana a shago ba ce. Ka ciyar da ita da amoniyam kulorayid har gwaji ya nuna 1 zuwa 2 ppm. Kana aunawa duk bayan kwana biyu ko uku. Ranar da ka zuba 2 ppm, bayan awa 24 ka ga amoniya ta koma sifili, naitirayit ma ta kusa, naitiret ya hau, dutsen ya fara aiki. Wannan yakan ɗauki mako 3 zuwa 4, amma ni ina son a bar shi mako 6 zuwa 8, ana jefa masa ɗan abincin kifi. Ka riƙa auna fosfet ɗin duron ma. Wani busasshen dutsen yana zuwa da nasa, gara ya zubar a duro inda za ka iya sauya ruwan ko ka sa GFO. In na siminti ne ka lura da pH, kada ya shiga tanki sai ya daina hawa.

Kafin ranar farko, akwai maganar da ta fi kifin muhimmanci, ita ce lafiyarka. Palythoa da wasu danginta suna ɗauke da dafin da ake kira palitoksin, wanda aka fara tacewa a Hawai a 1971, yana cikin mafiya ƙarfin dafin da aka sani a halittun teku, kuma ba shi da makari. Yana shiga ta rauni a hannu, ta ido, ta baki, ya kuma bi iska in an kankare dutsen ko an zuba masa ruwan zafi. A 2018 a Ingila mutum 10 aka kai asibiti, 'yan gida ɗaya da ma'aikatan kashe gobara da suka je ceto, bayan an goge dutsen tanki a cikin gida. Don Allah ƙanena, kada ka tafasa dutse, kada ka zuba masa ruwan zafi, kada ka goge shi da burushin ƙarfe a busashe, kada ka wanke shi da injin feshin wankin mota. Safar hannu mai kauri har gwiwar hannu, tabarau mai rufe gefe, takunkumi, taga a buɗe, yara da kyanwa a waje. Kada ka ja tiyo da baki. In bayan aiki ka ji ɗaci kamar na ƙarfe a harshe, ko zazzaɓi da tari da ƙuncin ƙirji, ko ido na zafi, ka fita daga ɗakin, a kira motar asibiti a lamba 997, ka faɗa wa likita sunan dafin da cewa murjani ka taɓa, domin alamunsa suna kama da mura mai tsanani kuma ba kowane likita ne zai kawo shi a rai ba. Safar za ta kuma kare ka daga tsutsa mai ƙaya da ke kwana ƙarƙashin duwatsu, da ƙwayoyin cutar ruwan teku da ke shiga ta ɗan yanka.

Ranar sauyi, ka tanadi sabon ruwan gishiri lita 120 zuwa 150 da ya kwana yana motsi, zafinsa da gishirinsa daidai da na tanki. Kada ka ciyar da kifi ranar. Kwata ɗaya kawai za ka cire, wajen kilo 15, daga gefe guda, ka fara da na sama. Ɗebi ruwan tankin a baho biyu, ɗaya na murjani ɗaya na duwatsu. Kashe injinan motsa ruwa. Murjanin da kake son ajiyewa ka ɓalle su da ɗan guntun dutsen da suke kai da kurfi, a ƙarƙashin ruwa, ka duba gindinsu da kyau kada ka kai Aiptasia sabon gida.

Kowane dutse ka ɗaga shi a hankali ka juya shi cikin ruwa kafin ka fito da shi. Ka dubi cikinsa. Za ka ga soson ruwa fari ko ruwan ɗorawa ya shimfiɗu a inda haske bai taɓa kaiwa ba, ƙananan farare masu murɗe kamar gindin allura sun manne, siraran hannayen tauraron teku suna ja da baya cikin rami, ƙananan ƙwari masu kama da jatan lande suna tsere. Waɗannan ne kwalba ba za ta ba ka ba, su ne kuma dalilin da ya sa nake son tsohon dutse da sabo su zauna tare makonni, don su yi ƙaura da kansu. Ɗan kifin nan naku mai launin shanshanbale, in Pseudochromis fridmani ne, wanda asalinsa a Bahar Maliya kaɗai ake samunsa, ɗabi'arsa ce ya shige rami ya ƙi fita in ya tsorata. Masu yawa sun mutu a cikin dutsen da aka ajiye a ƙasa. Saboda haka duk dutsen da ya fito ya shiga baho mai ruwa, kuma kada ka zubar da bahon sai ka ƙirga kifinka da ido.

Hattara da yashi. Dutsen da ya shekara 5 a zaune, ƙarƙashinsa akwai datti mai yawa, wani wurin yashin ya yi baƙi yana warin baragurbi. Wannan iskar haidirojin salfayid ce, guba ce ga kifi. Riƙe tiyo a hannu ɗaya, da ka ɗaga dutsen ƙasa ka zuƙe abin da ke gurbin kai tsaye zuwa bokiti kafin ya tashi. Kada ka gauraya sauran yashin, kada kuma ka ce bari a sauya shi a rana ɗaya da dutse, shi ma matattarar bakteriya ce kuma a watannin nan kana bukatarsa. Sabon dutsen ka ture yashi ka zaunar da shi a kan gilashin ƙasa, sannan ka mayar da yashin gefensa, in ba haka ba kifi mai tono zai rarake ƙarƙashinsa ya kife. Daga duro zuwa tanki kada ya wuce 'yan mintoci a iska. Cika da sabon ruwan, kunna injina, sa sabon gawayi da audugar tacewa, ka bar fitila a kashe har gobe. Sohal zai yi zafin rai kwana biyu saboda an taɓa masa iyaka, duhun yana rage wannan.

Bayan haka sai gwaji. Amoniya kullum har mako guda, abinci rabin na da na kwana 3 ko 4. In ka ga ta kai 0.25 ppm, ko kifi na saurin numfashi, sauya kashi 20 cikin 100 na ruwa nan take, ka ƙara iska, ka zuba bakteriyar kwalba. Kada ka taɓa kwata na biyu sai bayan mako 3 zuwa 4, kuma sai amoniya tana sifili, murjani sun buɗe, kifi na cin abinci. In wani abu bai yi maka daidai ba ka ƙara mako, babu abin da za a rasa. Duk tsawon wannan lokacin ba a sayen sabon kifi.

Ka gaya wa maigida tun yanzu cewa farin dutse ba zai zauna fari ba, don kada ya ɗauka ka yi kuskure. Mako na biyu zai yi ƙura mai ruwan ƙasa, wannan wata 'yar mitsitsiyar gansakuka ce da ake kira dayatom, yana wucewa. Daga nan ya yi kore-kore, wani lokaci jan shimfiɗa ta fito. Sai bayan watanni ɗigon hoda da shanshanbale masu tauri su fara bayyana, su ne alamar dutsen ya zauna. Suna cin kalsiyam da alkaliniti, wato sinadaran da ke hana ruwa yin tsami, don haka ka riƙe alkaliniti tsakanin 7.5 da 9 dKH, kalsiyam 400 zuwa 450, maganiziyam wajen 1300. Dodon koɗi masu kiwo suna taimakawa sosai a wannan matakin.

Akwai tarko ɗaya da ke kama masu tsabta. Sabon dutse mai tsabta yana shanye fosfet daga ruwa, tsohon da ke sakinsa kuma yana raguwa. In ka ci gaba da GFO da yawan sauya ruwa kamar da, wata rana fosfet da naitiret duka su faɗi sifili. A nan ne dainofilajilet ke samun fili: wani abu mai yauƙi ruwan ƙasa da ƙananan kumfa a jikinsa, yana yawa da rana ya ragu da dare, wasu irinsa suna kashe dodon koɗi, kuma ya fi gansakukar da ka gudu wahalar kora. Ka riƙe fosfet tsakanin 0.03 da 0.1, naitiret tsakanin 5 da 10. In sun yi ƙasa, cire GFO ka ƙara abinci. Saboda wannan ma nake ba da shawarar kwata na ƙarshe kada a cire shi duka. Zaɓi dutse biyu ko uku mafiya tsabta daga tsofaffin, ka kashe Aiptasiyar da ke kansu, ka bar su a baya ko a tankin ƙasa.

Tsofaffin da suka fito kuɗi ne, kada a zubar, kada kuma a kai su teku, su ko ruwan tankin. Halittun cikinsu yawanci daga Indunusiya ko Fiji suke, ba 'yan nan ba ne. Gansakukar tanki mai suna Caulerpa taxifolia da aka fara gani a gaɓar Monako a 1984 ta bazu ta mamaye dubban kadada na gindin Bahar Rum. Kada ka ba wani mai tanki su da rai kuma, Aiptasia za ka kai masa. A waje, inda iska ke kaɗawa, ka nutsar da su a duro, kashi 1 na ruwan bilic na Clorox marar ƙamshi cikin kashi 10 na ruwa, ka rufe mako guda. Wannan yana kashe komai, yana kuma karya dafin Palythoa. Kada asid ko ruwan wanke banɗaki ya kusanci duron, haɗuwarsu da Clorox tana fitar da iskar kulorin mai kisa. Bayan mako ka ɗauraye sosai, ka jiƙa su kwana biyu a ruwa mai maganin kashe kulorin, sannan ka shanya su a soro har su bushe ƙayau, warin ya tafi. Clorox ba ya cire fosfet, saboda haka duk ranar da za a sake amfani da su sai sun koma duron ruwan gishiri ana aunawa, kamar yadda ka yi wa sababbin.